Domin Mu Aka Kawo A Daidaita Sahu

  

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ko da yake in kun yi haƙuri za ku ga soyayyar ta leƙo kafin mu gama. Maganar abin hawa ce. Mu marubuta mun saba muku da dogayen motoci, in dai jarumin littafi ne to sai ya faka Marsandi a ƙofar gida, ƙamshin turarensa ya riga shi fitowa, yaran layi su kewaye motar suna leƙe. Amma ni da ke mun sani, ranar Litinin da safe ba Marsandi ke kai ki makaranta ba, ba kuma ita ke kai Umma awo asibiti ba. Ɗan rawayan nan ne mai ƙafa uku, wanda wasu ke kira Keke Napep, mu kuma a Kano muke ce masa A Daidaita Sahu, ko sahu kawai in ana sauri.

Abin da zai ba ki mamaki shi ne akwai garuruwa a duniya, na masu hannu da shuni kuwa, inda mai Marsandin da kansa yake ajiye ta ya hau abin da bai fi sahun namu girma ba. Sunansa keken golf. Kada ki ɗauka Golf ɗin da ake lodi a tashar Unguwa Uku nake nufi, a'a. Golf wasa ne na manya, ana buga 'yar ƙaramar ƙwallo da sanda a wani makeken fili mai ciyawa har a jefa ta rami, akwai ma filinsa a nan Kano can wajen Club Road. To saboda filin na da faɗi sai aka ƙera wa 'yan wasan wata 'yar mota mai ƙafa huɗu, mai rumfa a sama, ba ƙofa ba gilashin gefe, da yawansu da batir suke aiki, ba ƙara ba hayaƙi. Wadda Allah Ya nufa da zuwa Umara ko aikin Hajji ta ga irinsu a harabar Harami ana ɗaukar tsofaffi da marasa ƙarfi. Su ne dai.

Daga filin wasa sai abin ya fito titi, musamman a garuruwan bakin teku. Akwai wani tsibiri a jihar Kalifoniya ta Amurka ana ce masa Katalina, tazarar kilomita 35 ke tsakaninsa da gaɓa, jirgin ruwa kan yi kamar awa ɗaya kafin ya kai. Garin da ke cikinsa, Abalon, mutanensa ba su kai 4,000 ba, titunansa 'yan tsirara ne sun maƙale a jikin duwatsu. Hukumar garin ta ƙayyade yawan motocin da za su shigo, duk kuɗinka sai ka rubuta sunanka ka bi layi, layin da mutum kan shekara sama da 10 bai zo kansa ba. To me za su yi? Sai keken golf. Da shi ake cefane, da shi ake kai yara makaranta, da shi ake zuwa wurin aiki. A wani tsibirin kuma mai suna Bald Head, a jihar Karolaina ta Arewa, nan kam ba ma maganar layi, a can bakin ruwa a garin Southport za ka bar motarka ka shiga jirgi na minti 20, in ka sauka ko dai keken golf, ko keke, ko ƙafarka. Gudun da aka yarda da shi a titunansu bai kai kilomita 30 a awa ba. Haka abin yake a garin San Pedro na ƙasar Beliz, da wasu tsibiran Meziko da Ostireliya.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na unguwar Discovery Bay a Hon Kon. An hana motar gida shiga, an kuma ƙayyade keken golf kamar guda 500 kacal, sai ya zama kowa na rububinsu, har kuɗin guda ɗaya ya haura dalar Hon Kon miliyan 2. Wato abin da ba shi da ko ƙofa ya fi sabuwar Marsandi tsada. Tabɗi! In da a can ne, jarumin littafina a sahu zai zo zance, kuma yarinya ta yi ta yanga.

Amma wanda ya fi taɓa min zuciya ba a bakin teku yake ba. Wani gari ne a jihar Jojiya, kudu da Atlanta, ana ce masa Peachtree City. Su waɗannan sai da suka shimfiɗa wa keken golf hanyoyinsa na kansa daban, tsawonsu ya haura kilomita 160, suna ratsa unguwanni, suna bi ta ƙarƙashin manyan tituna ko ta samansu, ba ruwansu da babbar mota. 'Yan sakandare maza da mata su ke tuƙa kansu makaranta da safe. Ki riƙe wannan a ranki, za mu dawo gare shi.

Kada kuma ki ce ko su ba sa samun matsala. Suna samu, abin da ba shi da ƙofa in ya kife ai sai yadda hali ya yi. Shi ya sa tun 1998 gwamnatin Amurka ta fitar da ƙa'ida ga ƙananan motoci masu tafiya a hankali da ke son hawa titi: kada gudunsu ya wuce mil 25 a awa, wato kamar kilomita 40, kuma dole su kasance da fitilu, da sigina, da madubi, da bel na ɗaure fasinja. Yawancin jihohinsu ba sa barin su hau titin da ake zabga gudu. A jihar Fulorida kuma da suka ga yara na jin ciwo, daga watan Oktoba na 2023 suka ce duk wanda bai kai shekara 18 ba sai da lasin ko takardar koyon tuƙi.

To mu a Unguwar Gano ba mu da teku, in ba ruwan da ke kwanciya a layi watan Agusta ba. Amma in kin duba da kyau, tafiye-tafiyenmu irin nasu ne, gajeru ne, kuma kullum ne. Ƙaramar hukumar Tarauni gaba ɗayanta ba ta kai murabba'in kilomita 30 ba, ga ta da mutane sama da 220,000 tun a ƙidayar 2006, balle yanzu. Ina mace ke zuwa? Makarantar boko da safe, Islamiyya da yamma. Kasuwar Tarauni. Asibitin Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya. Gidan mai ɗinki a Gyadi-Gyadi, gyaran waya a Farm Centre, barka a Darmanawa, gaisuwar mutuwa a Hotoro, biki a Hausawa. In an yi nisa a ce Kwari ko Sabon Gari ko cikin gari wajen dangi. Duk wannan ya yi wa ƙafa nisa, musamman ga mai goyo ko mai ciki ko cikin ranar watan Afrilu, amma bai kai a ce sai an tayar da babbar mota ba. Tsakanin ƙafa da mota nan sahu ya samu wurin zama.

Ƙannena na yanzu sun ɗauka tun fil azal akwai shi. Ba haka ba ne. Ku tambayi iyayenku mata yadda ake fita a da. Ko dai ki tsaya bakin titi jiran tasi, ko ki shiga kiya-kiya a matse ki kamar kifin gwangwani, kwandasta na yi miki tsawa kan canji, ko kuma ki hau acaɓa. Gwaggona har yau akwai tabon ƙunar salansa a ƙaurinta, kuma ta ce in za a duba matan Kano sa'o'inta, masu irin wannan tabon ba za su ƙirgu ba. Ga goyo a baya, ga kaya a hannu, ga hijabi da kike tattarewa kada waya ta naɗe shi, ga ki manne da namijin da ba ki sani ba yana sheƙa gudu tsakanin motoci. Wadda mijinta ko mahaifinta ba zai lamunci haka ba kuwa sai ta haƙura da fitar, ko da asibiti ne.

Shi abin hawan asalinsa ba namu ba ne. Kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ya fara ƙera irinsa a 1948, daga baya Indiya ta rungume shi, shi ya sa za ki ga an rubuta Bajaj ko TVS a jikin na titunanmu. A Nijeriya Legas ya fara yin suna, zamanin da Buba Marwa ke mulkin jihar tsakanin 1996 da 1999, har suke ce masa Keke Marwa. Sai shirin yaƙi da talauci na gwamnatin Obasanjo, NAPEP, wanda aka kafa a 2001, ya yaɗa shi ƙasa baki ɗaya, sunan Keke Napep ya samo asali. Amma shigowarsa Kano da dalilinsa na daban ya zo, kuma dalilin mu ne.

A 2004 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙaddamar da shirin gyaran tarbiyya mai suna A Daidaita Sahu, daga kalmar da liman ke faɗa kafin a tayar da sallah. A 2005 aka yi dokar hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, gwamnati ta kawo masu ƙafa uku guda 500 da bas-bas 100 domin mata. Da 'yan Hisba suka fara tsare hanya a watan Disamba na shekarar, an sha rigima da 'yan acaɓa, matan ma da kansu sun koka, don me guda 500 za su yi wa matan Kano? Dokar ba ta yi ƙarko yadda aka so ba, amma abin hawan ya zauna, sunan shirin kuma ya bi shi har yau. Na farkon nan da labulensu, mace ta shiga ta saki labule ta zauna da mutuncinta, ita da 'yan uwanta mata da yara. Ummanmu ta ce ranar da ta fara shiga ji ta yi kamar an kai ta ɗaki.

Abin da ya juya al'amarin gaba ɗaya a nan maƙwabtanmu ya faru. Ranar Asabar 19 ga Janairu, 2013, 'yan bindiga suka kai wa tawagar Mai Martaba Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari yana dawowa daga saukar karatu a Masallacin Murtala da ke Hausawa. Allah Ya tsare Sarki, amma direbansa da wasu dogarai sun rasa rayukansu, Allah Ya jiƙansu, Ya jiƙan Sarkin shi ma da ya rasu a 2014. Lokacin ina 'yar ƙaramar sakandare, ban manta yadda iyaye suka yi ta neman 'ya'yansu ba. Cikin 'yan kwanaki gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa a cikin birni. Dubban samarin da ke cin abinci da babur suka koma sahu, dubban mazan da ke hawa babur su ma suka dawo sahu. Daga ranar abin da aka kawo domin mata ya zama na kowa, mu kuma muka koma masu neman alfarma a cikinsa.

Kin san yadda ake yi yanzu. Mazaunin baya na mutum uku ne, amma sai a ce ki matsa. Gaba wajen direba ne shi kaɗai, amma sai a ɗosana mutum a gefensa, wani lokacin hagu da dama. Ki shiga ke kaɗai, kafin a kai Dangi an cika ki da maza, ki yi ta raɓewa kina jan hijabi, in kin yi magana a ce in ba ki so ki ɗauki shata. Na 'yan makaranta kuwa ba a magana. Da idona nake ganin sahu ɗaya da yara takwas, tara, wasu a cinyar wasu, wasu a bayan kujera inda ake sa kaya, jakunkuna na reto a waje. Wallahi duk sanda irin wannan ya wuce ni sai gabana ya faɗi.

Ba wai direbobin ba su da imani ba ne. Da yawansu ba su ne masu abin ba. Ko dai na wani ne suna kai masa balas kullum, ko kuma sun karɓa bashi suna biya a hankali, kuma sabo yanzu maganar miliyoyin naira ake. Kafin yaro ya ga kwabonsa sai ya haɗa balas, ya sha mai, ya biya haraji, ya ajiye na bakanike da na mai faci. Wanda ya tashi da wannan lissafin a kansa shi ne ke yanke gaban tirela don ya riga ɗan uwansa ɗaukar fasinja ɗaya.

Nan ne na ce ki riƙe min labarin garin nan na Jojiya. Keken golf ɗinsu bai fi sahunmu ƙarfi ba, bai fi shi ƙofa ba, ƙafa ɗaya kawai ya fi shi. Bambancin a hanya yake. Su sun ware wa ƙaramin abu hanyarsa, ko kuma sun hana babban shigowa, ko sun tilasta wa kowa tafiya a hankali. Mu kuwa mun ɗauki abin da jikinsa gwangwani ne da tamfol mun jefa shi titin Zariya da titin Maiduguri, inda tirela da tankar mai da tifar yashi da motocin da suka taso daga Kaduna ko Bauci ke wucewa. An yi mana gadoji masu kyau, ta Dangi da ta Hotoro, mun gode, amma gada don mota ta yi sauri ake yin ta. Layukan cikin unguwa kuwa, waɗanda da an gyara su da sahu ya bi ta ciki ya kai yarinya makaranta ba tare da ya leƙa babban titi ba, su ne damina na zuwa suke zama kogi. Ɗan sahu ya tsaya a bakin kwalta ya ce, “Hajiya, nan zan ajiye ki, ba na shiga.” Ki tattare zani ki shiga taɓo da kayanki. A ganina kwalbati ɗaya da lambatu mai kyau a cikin Unguwar Gano sun fi yi wa 'yar makaranta amfani a kan fitilun da ke kan gada.

In kina son sanin matsayin sahu a rayuwarmu, ki tuna ranar da babu shi. A watan Fabrairu na 2021 sun yi yajin aiki kan harajin naira 100 na kullum. A ranar 10 ga Janairu, 2022 suka sake tafiya, wannan karon kan naira 8,000 na sabunta takardar izini da hukumar KAROTA ta sa, kwana uku gari ya tsaya cak. Maza suka ɗare bayan kurkura da a-kori-kura, wasu suka taka. Mata fa? Yawancinmu gida muka zauna. Mai awo ba ta je ba, mai sayar da abinci a kasuwa ta yi kwantai, 'yan mata da yawa ba su leƙa aji ba. Sannan a watan Yuli na 2022 aka hana su aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe saboda masu aikata laifi da su. Dalilin gaskiya ne, amma naƙuda ba ta san ƙarfe goma ba.

Sai kuma babbar magana, kuɗi. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa. Kuɗin sahu ya bi ta. Zo mu yi lissafi irin na 'yan aji uku. A ce zuwa makaranta naira 300 ne, dawowa 300. Kullum 600, sati 3,000, wata 12,000. In ku uku ne a gida, 36,000 ke nan a wata, ba a yi maganar kuɗin tara ba, ba Islamiyya, ba littafi. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 kuwa naira 70,000 ne. Kin ga fiye da rabi ya tafi a hanya. To in uba ya gaza, wa kike jin za a ce ya zauna a gida? Namiji zai taka, ko ya ari keke, ko ya maƙale a bayan wata mota. Mace ake cewa, “Ke bari sai gobe.” Goben ta zama jibi, jibi ta zama sati, daga nan sai ki ji ana cewa tunda karatun ya ƙi, gara a duba cikin masu zuwa wajenta. Na san yarinya a layinmu, mai ƙoƙari ce ƙwarai a lissafi, ba faɗuwa ta yi ba, ba kuma korar ta aka yi ba. Naira ɗari shida ce ta cire ta daga aji biyar.

Ga kuma inda na ce soyayya za ta leƙo. Yarinya na tsaye a bakin titi, rana na dukanta, kuɗin hannunta bai kai ba, sahu biyar sun wuce ta don ta ce ɗari biyu. Sai ga wata mota mai baƙin gilashi ta tsaya, sanyin cikinta ya bugo ta, a ce, “'Yan mata, zo mu rage miki hanya mana.” A littafi irin wannan tsayawar kan ƙare da lefe akwati goma sha biyu. A titin Zoo ba kullum take ƙarewa haka ba. Mai rage hanya yau shi ne mai karɓar lamba gobe, jibi ya ce a biya a sha ayis kirim, kuma bashin da aka ci da sanyin mota ba da kuɗi ake neman a biya shi ba. 'Yar uwa, sahun da kika biya da kuɗinki, ko da a matse, kin sauka ba wanda ke bin ki komai. In kuɗin bai kai ba ki faɗa wa direban gaskiya tun kafin ki shiga, da yawansu in suka ga kayan makaranta suna haƙuri. In bai yarda ba ki jira na gaba.

Shi ma sahun ba a shigarsa ido rufe. Kowanne akwai lambar KAROTA a jikinsa da manyan haruffa, ki saba da kallonta kafin ki shiga, in dare ya fara ki tura wa wani a gida. Wanda ba shi da lamba ki bar shi ya wuce. In kin ga maza biyu a baya sun buɗe miki tsakiya, ki ce Allah Ya kiyaye hanya. Waya kuma a jaka take zama, ba a hannu ta gefen titi ba, kin dai san halin da ake ciki da masu ƙwace. Hijabi ki naɗe shi a cinya, don ƙafar baya ba ta da nisa da ke. In direba ya saki hanyar da kika sani ya ce zai yanke, ki ce ya tsaya a inda mutane suke, ba sai kin ji kunya ba.

Bari in ɗan karkata, don akwai abin da ke ci min rai. Sau nawa na ji yarinya ta ce, “Allah Ya kiyaye in auri ɗan sahu.” Haba 'yan mata! A cikinsu akwai marasa kunya masu sakin kiɗa kamar gidan biki, masu kallon fasinja ta madubi, ban musa ba. Amma akwai mahaddata, akwai masu digiri da difloma da aiki ya gagara, akwai wanda ke ciyar da uwa da ƙanne bakwai da wannan kan babur ɗin. Wanda ya fito tun asuba ya dawo da halak ɗinsa ya fi mai wankakkiyar shadda da motar aro. Ni dai na yi niyya, littafina na gaba jarumin ɗan sahu ne, mai so ya saya, mai ƙi ya bari.

Abu na biyu da matan garuruwan can suka fi mu shi ne su ke riƙe da sitiyari. Uwa ta ɗauki 'ya'yanta ta kai su ta dawo, ba ta jiran kowa. A nan ma an fara. A 'yan shekarun nan wata ƙungiyar mata a Kano mai suna Mata Zalla ta fito da sahu masu launin hoda, masu aiki da batir kamar keken golf ɗin, mata ke tuƙawa, mata da yara suke ɗauka. A Maiduguri ma masu batir sun fara yawa. Na ji masu cewa bai dace mace ta yi tuƙin haya ba. Ni kuma tambayata ita ce, tsakanin 'yarka ta zauna a bayan mace 'yar uwarta, da ta matsu tsakanin ƙarti biyu, wanne ya fi kusa da abin da aka nufa a 2005? Matsalarsu dai ba su da yawa, sai ki yi sati ba ki ci karo da ɗaya ba, ga kuma wutar cajin da sai an yi dabara.

Kafin su yawaita, ga abin da wasu iyaye mata a unguwarmu suka yi, kuma ya yi aiki. Gida uku suka haɗu suka nemi ɗan sahu ɗaya ɗan unguwa, wanda aka san gidansu, aka san mahaifinsa, mai unguwa ma ya san da maganar. Suka yi ciniki na wata, kowane gida ya kawo kasonsa ranar ɗaya ga wata, abin ya zo musu da sauƙi a kan biyan kullum, shi kuma ya samu kuɗi a dunƙule da zai rage bashin sahunsa. Sharuɗɗa uku suka gindaya masa: ba zai ɗauki kowa a hanya ba in yaran na ciki, ba zai sa yarinya a gaba ba, kuma in sun fi ƙarfin kujerar baya sawu biyu zai yi. Da farko ya so ya yi gardama kan sawu biyun saboda mai, sai suka ƙara masa wani abu a kai. Ƙarfe bakwai da kwata yake tsayawa a bakin masallaci, wadda ta makara ta san sauran.

Ki kai wa Umma wannan shafin ta karanta, ko ki karanta mata bayan sallar isha'i, ta yi shawara da maƙwabta. Waɗanda kuma ke da wata dabarar a unguwarsu, ko 'yan Katsina da Zariya da Maraɗi masu nasu salon, ku rubuto mana mu ji yadda kuke yi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalam.